A Buɗe wa 'Yan Kongo Takardun Union Minière

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan Union Minière, kamfanin Beljiyam da aka kafa a 1906 don haƙar jan ƙarfe a lardin Katanga na Kongo. A 1911 ya soma narka ƙarfen a Lubumbashi, daga baya kuma ya riƙa kwaso leburori har daga yankin Kasai da Ruwanda. Shi ya ɗaure wa jagoran Katanga Moise Tshombe gindi lokacin ɓallewar lardin daga Kongo a 1960, kafin shugaban ƙasar, Mobutu, ya ƙwace ma'adinan a ƙarshen 1966.

Abin takaici, tarin takardun kamfanin na jibge a Beljiyam. Jikan lebura mai neman sunan kakansa sai ya nemi biza? Ko kwafinsu ne, a ɗauki hotonsu a miƙa wa Jami'ar Lubumbashi.

Naka,
Wani mai karatu