Katina na zaman Kanada ya mutu ina Kano, mijina ya ce in yi ta kaina

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana, dangin mijina suna sauraron shirinki, musamman yayarsa, wadda ita ce ummul'aba'isin duk abin nan.

Shekaranjiya mijina ya turo min saƙon murya, ko sallama babu, wai tunda na zaɓi uwata sai in yi ta kaina. Uwar da ta rasu bara, Anti. Tun da na ji saƙon ban runtsa ba.

A 2019 muka sauka birnin Winnipeg na Kanada da takardar zama ta dindindin, wadda can ake ce wa PR. Shi ya cike komai, ni hannu kawai na sa inda ya nuna min. Katin na shekara biyar ne. A can na haifi ɗana a 2020, cikin korona, ba uwa ba dangi, ga sanyin da ko shara ka fita zubarwa sai ka ji hancinka ya daskare. Ban taɓa yi masa ƙorafi ba. A 2021 aka kira ni cewa ɓarin jikin Hajiyarmu ya shanye. Ni kaɗai ce 'ya mace a ɗakinmu. Wa zai yi mata wanka, wa zai juya ta cikin dare kada bayanta ya yi gyambo? Matan yayyena? Shi da kansa ya saya min tikiti, ya ce in zauna har ta samu sauƙi. Yanzu wai bai faɗa ba.

Sauƙi bai samu ba, katin kuma ya mutu a 2024 yana cikin jakata. Na ɗauka kamar fasfo ne, ka biya a sabunta maka. Sai da wata ƙawata da ke birnin Kalgari na Kanada ta yi min bayani na ji cikina ya ɗuri ruwa. Ashe doka ta ce sai mutum ya yi kwana 730 a cikin Kanada a shekara biyar, wato shekara biyu, ko da a rarrabe ne. Nawa zaman bai kai ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, daga ranar da ka nema ake ƙirga shekara biyar ɗin a koma baya, don haka kullum garin Allah ya waye ɗan abin da na tara zubewa yake. Shi ya san wannan sarai, da lissafin kwanaki ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Ko sau ɗaya bai ce min ke, lokaci fa yana tafiya ba.

Kuma ba a neman sabon kati daga waje, sai kana cikin ƙasar. Jirgi ba zai ɗauke ni da mataccen kati ba, sai na nemi wata takardar tafiya ta masu PR, dalar Kanada 50. Kuɗin ba komai ba ne. Ƙawata ta ce mutuwar kati ba ta kashe matsayin mutum, har yanzu ni mai zaman dindindin ce sai ranar da hukuma ta yanke hukunci. To neman takardar nan shi ne zai sa a buɗe fayil ɗina a ƙirga. In aka hana, kwana 60 gare ni in ɗaukaka ƙara, in ban yi ba shi ke nan. Ta ce suna duba dalilin jinƙai, kamar jinyar iyaye da maslahar yaro. Takardun asibitin Hajiya suna nan cikin leda, har da rasit na gashin ƙashi da takardar rasuwa, sai dai wasu ruwa ya taɓa su, wasu kuma sunanta ba a rubuta shi iri ɗaya ba.

Na manta ban faɗa miki ba, ya zo gida bayan ya zama ɗan ƙasa, ya yi 'yan watanni. An ce kwanakin da mace ta yi a waje tare da mijinta ɗan Kanada ana lissafa mata su. Na roƙe shi hoton fasfonsa da shafin hatimin shigowa, ya ce ba zai sa sunansa cikin ƙarya ba. Wace ƙarya? Gaskiya ne ya fi kwana a gidan yayarsa, amma wa ya hana shi kwana a nasa gidan? A zuwan nan ne ma ta haɗa shi da 'yar ƙawarta, ina ji a gari har an kai kuɗin gaisuwa. Shi ya sa nake zargin da gangan ya bar katin ya mutu, don can ba a yarda da mata biyu ba.

Wani ɗan unguwarmu ya ce in nemi bizar Amurka in tsallaka iyaka da mota, tunda a mota ta gida ba a tilasta katin. Amma ai jami'in iyaka zai tambaye ni ina na shiga duk shekarun nan, ni kuwa ban iya ƙarya ba. Fasfon yaron ma ya mutu, na yara shekara biyar yake yi, uban kuma ya ƙi ɗaga waya balle a yi maganar sa hannu.

Yayyena sun ce in haƙura da Kanada, wai me na baro a can. Kawu ya ce a kira shi a zauna. Ni ban ma san matsayina ba, Anti, don bai furta saki ba, bai kuma turo ko sisi ba tun bayan sadakar arba'in. In nemi takardar tafiyar nan ba da saninsa ba, ko hakan fita ne daga biyayyar aure? In an ba ni kuma, gidan wa zan sauka da yaro? Kuma kalmar nan da ya faɗa, in yi ta kaina, don Allah ki tambayar min malamai, saki ce ko ba saki ba ce?

Wassalam,
'Yar'uwarki daga Kano