Aikin da babu tabbacin awoyi a Birtaniya: a ji ta bakin masu yinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rahotonku kan taƙaddamar da ake yi a Birtaniya game da kwantiragin nan da ake ɗaukar mutum aiki ba tare da an yi masa alkawarin ko awa ɗaya a mako ba. Kun kawo bakin gwamnati, kun kawo na 'yan kasuwa, amma ban ji muryar masu yin aikin ba. Ni ina cikinsu, aikin kula da tsofaffi gida-gida nake yi a Birmingham, shi ya sa na ga ya kamata in tofa albarkacin bakina.

Alƙaluman ofishin ƙididdiga na ƙasar sun nuna mutum sama da miliyan 1 ne ke kan irin wannan kwantiragi, wato kusan 3 cikin 100 na ma'aikata. Sun fi yawa a gidajen abinci, otal-otal, shaguna da kuma aikin jinya irin namu. Makon nan a ba ka awa 40, na gaba 12, na bayansa ka ji shiru. Mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa a watan Afrilun 2025, kuma in an faɗa wa na gida sai ya buga lissafi da naira ya ce ai kun warke. Bai san cewa awar ce ba ta zuwa ba.

Jadawalin aiki ta waya yake shigowa, wani lokaci da daddare bayan mutum ya kwanta. Ka fita tun da asuba cikin sanyi, kana cikin bas saƙo ya shigo cewa an kwantar da tsohuwar a asibiti, kada ka je. Kuɗin mota ya tafi, maƙwabciyar da ka bar wa yara sai ka sallame ta, kai kuwa ko kwabo. Ranar da aikin ya samu kuma, rabin awa ce a wannan gida, rabin awa a wancan, ga doguwar tafiya a tsakani wadda sau da yawa ba ka ganinta a takardar albashi. Duk wanda ya taɓa ganin leburori tsaye bakin titi da shebur suna jiran tifa ta tsaya, ya san halin da muke ciki. Mu dai a cikin ɗaki muke jira, waya a hannu.

Masu kare tsarin, galibi 'yan jam'iyyar Conservative da ƙungiyoyin masu kamfanoni, cewa suke yana ba ma'aikaci 'yanci: in ya so ya karɓi aiki, in bai so ba ya ƙi. Suna kafa hujja da kamfanin sayar da abinci na McDonald's, wanda a 2017 ya yi wa ma'aikatansa tayin tsayayyun awoyi, amma mafi yawansu suka zaɓi zama yadda suke. Ban musa ba. Ɗalibi ko ɗan fansho mai neman na cefane, tsarin ya yi masa daidai. To amma uwa mai 'ya'ya uku da kuɗin haya a wuyanta fa? A takarda tana da damar cewa a'a. A zahiri in ta ce a'a sau biyu, mako mai zuwa za ta duba jadawali ta ga babu sunanta, kuma ba wanda zai ce an kore ta balle ta kai ƙara. Haka nan mai gidan haya da banki, da sun ga albashi yana hawa da sauka, sai su ce a nemi wani wurin.

Maganar nan ta daɗe ana ja-in-ja a kanta. A 2015 aka hana kamfani ɗaure irin wannan ma'aikaci da sharaɗin kada ya yi wa wani aiki. A zaɓen shekarar Ed Miliband, shugaban jam'iyyar Labour a lokacin, ya yi alkawarin gyara, bai ci ba. A 2017 binciken da Firaministar lokacin, Theresa May, ta sa wani masani mai suna Matthew Taylor ya yi ya ba da shawarar a ba ma'aikaci damar roƙon tsayayyun awoyi bayan shekara guda. Sai a watan Oktoban 2024 gwamnatin Labour ta Keir Starmer ta kai wa majalisa ƙudurin da ya tanadi cewa dole kamfani ya yi maka tayin awoyin da ka saba yi, bisa lissafin da ake sa ran zai zama na mako 12, ya sanar da kai aiki a kan kari, ya kuma biya ka wani abu in ya soke a ƙurarren lokaci. Wanda ya fi son tsohon tsarin yana iya ƙin tayin. Ina abin tayar da jijiyar wuya a nan?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yunƙurin da Majalisar Dattawa ta yi na mayar da abin ya koma sai ma'aikaci ya roƙa. Mutumin da ke tsoron ƙin aikin ranar Lahadi, shi ne zai tunkari manaja da wannan buƙata? Nauyin a kan mai ɗaukar aiki ya kamata ya zauna. A 2024 an ce dokar gaba ɗayanta za ta iya cin kamfanoni har fam biliyan 5 a shekara, amma asarar da ake gudu yanzu ma akwai masu ɗaukarta, mu ne. New Zealand ta taka wa tsarin birki tun 2016, Ireland ta bi sahu a 2019, mu kuwa an ce mu jira sai 2027.

Sannan doka kaɗai ba za ta gyara aikin jinya ba. Ƙananan hukumomi ne ke sayen yawancin aikin daga kamfanoni, awa-awa, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kamfanin kuma ya sauke matsin a kanmu.

'Yan'uwanmu na gida su ma abin ya shafe su. Bayan an buɗe bizar masu aikin jinya irin namu a 2022, 'yan Najeriya da yawa sun sayar da fili da mota sun ba dillalai, suka iso suka tarar babu awoyin da aka yi musu alkawari, ga bizarsu a ɗaure da kamfanin, ba su da bakin magana. An rufe wannan ƙofa ga masu nema daga waje a watan Yulin 2025, don haka duk dillalin da ke karɓar kuɗi da sunanta yau, a yi hattara da shi.

Roƙona gare ku, Malam Edita, in za ku sake waiwayar batun, ku nemi masu jinya, masu shara da masu aikin sito ku ji ta bakinsu, ku kuma sakaya sunayensu saboda kada a cire su daga jadawali.

Wassalam,
Wata mai karatunku, Birmingham, Ingila