Furen da na sha wahalar ganewa a Yuta

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya su Hajiya, ya zafi? Nasan yanzu kuna tsakiyar bazara, mu nan garin Logan na jihar Yuta a Amurka sai a watan Mayun nan dusar ƙanƙara ta gama sauka daga duwatsu.

Wallahi tun ranar Asabar kake cikin raina. Na hau gangaren dutse bayan gari, wajen busasshe ne, duk wasu ƙananan itatuwa ne masu tokar ganye da suke kira sagebrush, kai ka ce sabara ce ta dajin garinmu, sai ga wani fure ruwan ɗorawa ya rufe gangaren gaba ɗaya. Na ɗauki hoto na tambaya aka ce min balsamroot ne. Da na ƙara hawa sama sai na sake ganinsa, ashe ba shi bane, wani ne daban da ake ce wa kunnen alfadari, furensu kusan ɗaya ne.

A ganye ake raba su. Na balsamroot faɗi gareshi ta gindi sannan ya tsuke ya yi tsini kamar kan kibiya, launinsa toka-toka, da ɗan gashi mai laushi in ka shafa, kuma duk ganyen daga ƙasa suke fitowa, karan furen kusan tsirara yake. Shi ko kunnen alfadari ganyensa kore shar ne yana ƙyalli kamar an shafa mai, dogo, kuma yana bin karan har sama. Sai na tuna ka lokacin da kake nuna min bambancin rama da yakuwa tun kafin su yi fure, na tsuguna ina shafa ganye ni kaɗai.

Saiwar balsamroot ce ta fi burge ni, kauri gareta tana nitsewa ƙasa fiye da mita 1, tana ƙanshin ƙaro, shi yasa ko gobara ta cinye dajin yake sake tohowa. 'Yan asalin ƙasar irin su Nez Perce suna gasa saiwar su ci, ƙwayar ma suna ci. Wani mai yawon binciken ƙasa ɗan Amurka, Meriwether Lewis, ya tsinki samfurinsa a 1806.

Ban tsinka ba gaskiya, shekaru yake yi kafin ya fara fure, ban iya ba. Zan turo maka hotunan ganyen biyu ta WhatsApp ba tare da suna ba, ka faɗa min wanne ne wanne.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum.