Rahoton Ayyukan Shekara: Kufai, Makarantu da Gidan Tarihi

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Bana mun fi ba da ƙarfi wajen fita ƙauyuka, domin kayan tarihin ƙasar Sakkwato da yawa suna kwance ƙarƙashin gonaki, kuma manomi ne ke fara cin karo da su.

Babban aikinmu shi ne ziyarar Surame da hunturu. Mun kai ɗaliban sakandare kufan birnin da Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16, wanda aka sa cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Yaran sun san Kanta a littafi, amma da suka tsaya gindin ganuwar dutse sai tambayoyi suka yi ta fitowa: wa ya ɗauko duwatsun, ina aka samu ruwa, me ya sa aka tashi? Ƙa'ida ɗaya muka nace a kanta. In ka ga tsingaro, ka zana shi, ka ɗauki hotonsa, ka bar shi inda yake. Zurfin da yake ciki, da gawayi ko ƙashin da ke kusa da shi, su ne ke nuna wa masana shekarunsa. Da zarar ya shiga aljihu, wannan shaida ta tafi.

Abin da ya sami mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Sakkwato ke nan. An haƙe su a ɓoye, aka sayar ƙasashen waje, har majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ake sacewa a shekarar 2000, tare da na Nok da na Katsina. Galibinsu ba a san ramin da suka fito ba. Wannan asara tana mana ciwo ƙwarai.

Saboda haka muka zauna da iyayen ƙasa da manoma a yankin Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da aka ci a 1808. Mun bayyana musu cewa dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba izini, kuma duk wanda garmarsa ta tono wani abu ya sanar da mai gari, a kai labari ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Dattawan sun karɓe mu hannu bibbiyu, suka kuma gaya mana sunayen tsofaffin ƙofofi da rijiyoyi, muka rubuta. Allah ya saka musu da alheri.

A cikin garin Sakkwato, mun raka 'yan firamare Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, da takardun bayani da muka shirya da boko da ajami.

Kuɗin mota ne ya fi cin asusunmu, don haka muna roƙon masu bashin kuɗin wata su biya. Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu fara da makarantun 'yan mata, sannan ziyarar Degel da Wurno. Mai son shiga kwamitin makarantu ya ba sakatare sunansa a taro mai zuwa.

Wassalam.