Kufan masu farautar balen a Svalbard da tuddan Sao na bakin Logon

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan wani kufai da ke can ƙuryar arewacin duniya, domin yadda aka tona shi ya shafi tuddan Sao, mutanen da suka zauna ƙasar nan a zamanin da, waɗanda ke kewaye da mu, daga Kusiri zuwa Gulfe da Makari, har ƙetaren Shari wajen Gawi. Duk shekarar da ruwa ya janye, gaɓar kogi kan zaftare, manyan tuluna su leƙo, yara su fasa, manya su kwashe abin da ke ciki. Abin yana ci mini rai, kuma ina so masu karatu su san irin asarar da ake yi.

Sunan kufan Smeerenburg, wato garin kitse. Yana kan tsibirin Amsterdam, arewa maso yammacin Spitsbergen, cikin tsibiran Svalbard da ke hannun Norwe a yau. Willem Barentsz, matuƙin jirgi ɗan Holan, ya ga ƙasar a 1596. Ingilishi suka fara farautar balen, wata ƙatuwar dabbar teku, a can a 1611, da taimakon Baskawa na iyakar Faransa da Sifen, waɗanda su ne gwanayen mashi. A 1614 mutanen Holan suka kafa kamfanin Noordsche Compagnie, suka riƙe sana'ar har 1642. Balen ɗin nan, kamar yadda masu Faransanci ke kiran ta, ba kifi ba ce. Dangin masu shayarwa ce kamar ayu, sai dai irin da ke wannan tekun kan kai mita 18, kaurin kitsenta kuma ya kusa rabin mita. Man suke nema don fitila da sabulu, da kuma gezar bakinta mai lanƙwasa, wadda ake sa wa rigunan mata.

Ga yadda aikin yake. A jawo dabbar bakin gaɓa, a fere kitsen dogo-dogo, a daddatsa shi ƙanana a kan benci, a zuba cikin tukunyar jan ƙarfe mai faɗin mita biyu zuwa uku da aka girka a kan murhun bulo. In ya narke a kwashe da ludayi mai dogon hannu zuwa kwamin katako da aka zuba wa ruwa, datti ya nutse, mai ya taso ya huce, sannan a ɗura a gangunan katako. Ragowar da ta soye, kamar tunkuzar gyaɗa, ita ake mayarwa wuta, don babu ko bishiya ɗaya a tsibirin. Bulo da katakon gini duk daga Holan aka yi dakon su. Man da ke malala gefen tukunya ya haɗe da yashi da tsakuwa ya daskare kamar siminti. Tukwanen sun tafi tuntuni, amma waɗannan baƙaƙen zobban suna nan a bakin teku, kuma da su ake ƙirga murhu, ake auna girman tukunyar da ta zauna a kai.

Bayan an watse daga wurin wajen 1660, saboda balen ta ƙare a bakin gaɓa an koma bin ta tsakiyar teku, sai labari ya yi ta kumbura. Marubuta suka ce gari ne na mutum dubu goma ko fiye, da coci da shaguna da gidajen burodi. Gani ya kori ji: Louwrens Hacquebord na Jami'ar Groningen ya tona wurin daga 1979 zuwa 1981, ya tarar gine-ginen ba su kai ashirin ba, murhu takwas ne, masu aiki a tudu kuwa kimanin 200 a lokacin da harka ta fi ci. Mu ma muna da irin wannan. An ce Sao ƙatta ne da ke ɗaukar giwa a kafaɗa. Ƙasusuwan da aka samu cikin tuluna na mutane ne irinmu, manoma da masunta da magina tukwane da maƙera. Tatsuniyar tana da daɗinta, a riƙe ta, amma ba ita za ta gaya mana shekarar da aka zauna a tudun Mdaga ko na Huluf ba.

Ba da diga da shebur aka gano gaskiyar Smeerenburg ba. Ana fara kafa turke guda wanda duk awo zai koma gare shi, a ja igiya a raba fili murabba'i-murabba'i na mita ɗaya. A kankare ƙasa da cokalin magina, a bi shimfiɗa ɗaya har ta ƙare kafin a taɓa ta ƙasanta, don launin ƙasa da taushinta ne ke nuna inda zamani ya canza. Duk abin da ya fito a bar shi a mazauninsa, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe da kibiya mai nuna arewa, a zana, a rubuta zurfinsa, sannan a ɗaga a sa a leda da lambar murabba'i da ta shimfiɗa. Ƙasar da aka kwashe a tace ta da rariya mai ido milimita huɗu ko biyar. A nan ne ƙashin kifi da na tsuntsu da maɓalli da gutsuren lofe ke fitowa. Ta haka aka ga cewa da farko tantuna aka kafa, daga baya aka yi gidajen katako da murhun girki, aka shimfiɗa duwatsu a lunguna da magudanar ruwa. Wanda ya haƙa rami ɗaya ya zaro abu mai kyau ya cakuɗa shimfiɗa uku wuri guda, kuma babu gwanin da zai iya mayar da su.

Wajen sanin shekaru, a nan ne mutane suka fi ruɗewa, don suna jin an ce a kai ƙashi ɗakin gwaji a auna kabon 14 shi ke nan. Ƙashin dabbar teku kan nuna ya girmi ainihin shekarunsa da kusan shekara 400, saboda kabon da ke cikin teku tsoho ne. Itacen da igiyar ruwa ta kawo Svalbard daga kogunan Sibiriya kuwa zai iya daɗewa da mutuwa kafin wani ya tsinta ya yi aiki da shi. Shi ya sa a can aka fi dogara ga lofen taba na yumɓu, wanda kansa ke ƙara girma, ramin bututunsa ke tsukewa, yayin da ƙarni na 17 ke tafiya, da kuma zobban shekarun bishiya da ke cikin katakon ganga da na akwatin gawa. A ƙasarmu ma ƙashin kifi da ƙwanson kogi na iya ba da shekarun da suka zarce gaskiya. Abin da ya fi amana shi ne ƙwayar gero ko dawa da ta ƙone, don shekara ɗaya ta yi a duniya. A ɗauke ta da bakin cokali, a naɗe a takardar alminiyom, kada a sa hannu, kada a sha taba kusa da ita.

Kaburbura su suka fi ba da labari, su ne kuma suka fi taɓa zuciya. A tsibirin Ytre Norskøya an tona kabari 50 a 1980. Sanyin ƙasa ya adana tufafi har da hulunan ulu saƙaƙƙu, kowace da launinta da facinta, wasu suna gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam yanzu. Abokan aiki sun shimfiɗa wa mamatan garin katako a cikin akwati, suka tara duwatsu a kai don kada namun daji su tone. Ƙasusuwa da yawa sun nuna ciwon rashin bitamin C, wanda ke sa dasashi jini, haƙora su zube. Mutum bakwai da aka bari su yi gadin Smeerenburg a sanyin 1633 zuwa 1634 sun rayu; bakwai na shekarar da ta biyo duk sun mutu. Waɗannan talakawa ne da babu wanda ya rubuta tarihinsu, hula da ƙashi ne suka yi musu shaida.

Abin da ya fito daga jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma yana da ranar farko mai haɗari. Katako da fata da ulu da suka sha ruwa shekara ɗari uku, ruwan ne ke riƙe da siffarsu. In suka bushe da gaggawa sai su tsuke su tsattsage. Dole a ajiye su a jiƙe cikin sanyi har a kai su inda za a maye gurbin ruwan da wani kakin da ake kira PEG. A Red Bay ta Labrador a Kanada, inda Baskawa suka yi wannan sana'a tun ƙarni na 16, an gano a 1978 jirgin da ake kyautata zaton San Juan ne, wanda ya nutse a 1565. Masu nutso suka kwance katakonsa ɗaya bayan ɗaya, suka auna, suka zana, sannan suka sake binne shi a ƙarƙashin ruwa da gangan, don a nan ya fi zama lafiya. Wurin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013. Tulun Sao na fuskantar irin wannan a rana ta farko: ƙasar da ke cikinsa ce ke tokare da shi, in aka kwashe ta sai ya rufta, in aka wanke shi aka shanya a rana sai gishiri ya taso ya ɓare fatarsa, a kuma rasa sauran abincin da ya manne a ciki.

A Svalbard doka ta kare duk wani abin da mutum ya bari kafin 1946, ko da ƙusa mai tsatsa ce, tare da mita 100 kewaye da shi, kuma an killace maƙabartar Gravneset saboda masu yawon buɗe ido. Duk da haka teku na cin maƙabartar Likneset saboda ƙasa ta fara narkewa, sai an bi ana ceto kaburburan da ke bakin gaɓa. Mu kogi ne ke ci, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta 2024, ga masu buga bulo da ke ɗibar ƙasar tudu.

Roƙona ga masu martaba sarakunan Kusiri da Gulfe da Logon-Birni, Allah ya ja zamaninku, da lawanai da bulamomi, shi ne a sanar a masallatai da kasuwanni: wanda ya ga tulu ya leƙo daga gaɓa kada ya ja shi, kada ya zura hannu. Ya ɗauki hoto da waya daga gefe huɗu, da sanda mai tsawon kamu ɗaya a jingine, ya adana wurin a taswirar wayar, ya rufe da tabarma ko buhu, ya mayar da ƙasa a kai kamar taƙi biyu, ya kewaye da ƙaya saboda shanu. Daga nan ya gaya wa bulama, shi kuma ya kai magana ofishin al'adu ko Jami'ar Marwa, a ƙetare kuma gidan tarihi na ƙasa da ke Njamena. A yi wannan tun daga watan Nuwamba, lokacin da ruwa ke janyewa, kafin gaɓa ta bushe ta tsage.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Mai karatunku,
daga Kusiri