Ragunan Sallah sun tafi a waya

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Bida? Saƙonka ya iso tun kafin azumi. Kunya ce ta hana ni amsawa, ba lalacewar waya ba kamar yadda na ce wa ƙanenka. Tunda Nufawa sun riƙe ka da shinkafa da kifi har ka manta hanyar gida, gara ka ji daga bakina kafin 'yan majalisar Ƙofar Ƙaura su riga ni, don in su suka ba ka labarin sai sun ƙara masa gishiri.

An damfare ni. Ni ɗin nan da na fi kowa dariya a Disambar 2016, lokacin da MMM, harkar nan ta zuba kuɗi a intanet don cin riba, ta rufe da kuɗin jama'a. Ka tuna har waƙa na yi wa Dogo? To yanzu shi ke rera min ita, baiti bai ɓace masa ba.

Ɗan kawuna ne ya zo da maganar, mai koyar da lissafi fa, ba wani sakarai ba. Wata manhaja ce a waya, ka zuba kuɗi, bayan kwana 30 su ninka. Na ce masa wannan ai banza ce, ba ta kai zomo kasuwa. Sai ya buɗe min alat ɗinsa, na gani da idona. Na gwada da naira 20,000, wata ya cika aka turo min 40,000 cif. Da ma ƙugiyar ke nan. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ba saye ba sayarwa, ranar da sababbi suka ƙare sai a kulle shago. Wallahi na san haka, ni na riƙa yi wa mutane wannan bayanin a da. Amma sai zuciya ta ce min ai ni da wuri na shigo, zan fice kafin ginin ya rufta.

Ragunan nan biyu da nake kiwo don Babbar Sallah, har da mai baƙin kunnen da ka ce ya fi ni ƙiba, na loda su zuwa kasuwar Charanchi. Na haɗa da kwasar adashin uwargida, da sunan zan sayo mata injin markaɗe. Naira 400,000. Kullum bayan asuba sai in buɗe waya in ga lambobi suna hawa, ina murmushi ni kaɗai a kan buzu. Ranar cirewa aka ce ana gyaran na'ura. Bayan kwana uku aka ce sai kowa ya ƙara wani abu a tantance shi. Kada ka tambaye ni ko na ƙara.

Af, mai shayinmu ya yi ta uku. Wanda ke bin mu bashin madara yana kukan jari ya karye, sai ga shi da lefe akwati shida. Amaryar 'yar Daura ce, daga wajen Kusugu, kuma an ce ta riga ta karɓe makullin kanti.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar da na yi a Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jigawa, mutane suka fito da jarkoki ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A majalisa na ɗaga murya na ce wane irin rashin tunani ne wannan. Kai ne ka ce in yi a hankali, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 jarka ɗaya abincin gida ce ta kwanaki. Su yunwa ta tura su. Ni da albashina da rumbuna, me ya tura ni?

Uwargida ta sani yanzu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Duk sanda maƙwabta suka tayar da injin markaɗe sai ta ɗago kai ta dube ni kawai, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ɗan kawun nawa kuwa ya daina bi ta layinmu, shi filinsa na gado ya sayar.

Akwai abin da ka tambaye ni a saƙon nan, ko farashin gero ne ko ranar bikin, ya shige min. Sake turowa. In kuma za ka zo Sallah, ka taho da ragonka, a gidanka zan ci kai da ƙafa bana.

Ka gaida Maman yara.

Naka,
mai waƙar Dogo