Masu jin Rashanci a Latbiya ba kansu haɗe ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in tsoma baki kan zaɓen majalisar Latbiya na 1 ga Oktoban 2022, don na yi shekara uku ina karatu a Riga, babban birnin ƙasar, kuma mai gidan hayata tsohuwa ce mai jin Rashanci.

Da yawa suna ɗaukar masu jin Rashanci a can kamar tsintsiya ɗaya. Wannan zaɓen ya nuna ba haka ba ne. Jam'iyyar Saskaņa, wadda a da galibinsu ke mara wa baya, ita ta zo ta ɗaya a 2011 da 2014 da 2018, amma sauran jam'iyyu suka ƙi kafa gwamnati da ita. Da ta yi tir da mamayar da Rasha ta yi wa Yukren, wasu magoya bayanta suka juya mata baya. Ta tsaya a kashi 4.8, ƙasa da kashi 5 da doka ta gindaya, ta tashi ba kujera ko ɗaya cikin 100. Sabuwar jam'iyyar Stabilitātei, wadda wasu masu jin Rashanci suka koma mata, ta kwashe 11, ita kuwa ta Firaministan lokacin, Kariņš, ta samu 26.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohuwar nan. A Riga aka haife ta, a can ta yi furfura, amma fasfonta na "wadda ba 'yar ƙasa ba" ne, don iyayenta sun zo zamanin Tarayyar Sobiyet. Irinta ba sa jefa ƙuri'a, ko ta kansila. Ranar zaɓe kasuwa take tafiya abinta.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya